An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Rawar Tayar Wutsiyar Jirgi

Ina roƙon a ba ni fili in tanka wa rubutun da ya fito a wannan shafi kan ƙananan jiragen sama masu taya a wutsiya, musamman inda marubucin ya taɓo rawar da tayar nan ke yi idan jirgi ya sauka. Sau biyu na karanta shi. Da farko daɗi na ji, don ba kullum ake samun wanda zai zauna ya rubuta irin wannan da Hausa ba. A karatu na biyu ne hankalina ya ƙi kwanciya. In na fahimce shi daidai, Malam marubucin ya tsaya kan abu biyu. Na farko, rawar tayar ba ciwo ba ce, noti ne ya saki, a sa sifana a ƙara ɗaure shi, a ja sarƙoƙin tuƙi su yi tsam, magana ta ƙare. Na biyu, in rawar ta ci gaba bayan haka, to matuƙin ne bai iya sauka ba. Kowace daga ciki akwai ɗan ƙamshin gaskiya a jikinta, shi ya sa nake tsoron wani yaro mai koyon aiki ya ɗauka ya riƙe.

Bari in fara da mai karatun da bai taɓa tsayawa kusa da irin wannan jirgi ba. Jiragen fasinja da muka saba gani a Kano ko Abuja tayarsu ta uku a ƙarƙashin hanci take. Amma akwai tsohon tsari, manyan tayoyi biyu a gaba, 'yar ƙarama ɗaya a can ƙarshen wutsiya, har in jirgin ya tsaya sai ka gan shi hanci sama kamar manomi mai duban hadari. Piper Cub da aka fara ƙerawa a Amurka a ƙarshen shekarun 1930 haka yake, da ƙaninsa Super Cub na 1949, da Cessna 180 da 185, da Maule, da Citabria. A jihar Alaska, inda garuruwa da dama ba hanyar mota da ta kai gare su, da irinsu ake sauka kan tsakuwar bakin kogi, domin farfelarsu ta yi nisa da ƙasa kuma ƙafafunsu na jure fili mai gargada. Mu a nan, wanda ya taɓa ganin jirgin feshin jan-baki ko fara ya ga danginsu, don galibin jiragen feshi a wannan tsari ake ƙera su.

Tayar kanta ba ta da wani girma. A irin wadda ake kira Scott 3200, da ta fi yawa a kan waɗannan jirage, inci 8 ce. Tana zaune cikin wani ƙarfe mai baki biyu kamar gwafa, gwafar kuma na juyawa hagu da dama a kan wata ƙusa mai kauri da ke tsaye, wadda zan riƙa kira ƙusar juyi. Duk wannan kai yana maƙale a ƙarshen sifirin mai falle-falle, irin na babbar mota amma ɗan ƙarami, ɗaya ƙarshensa kuma ɗaure a jikin jirgi. A Cessna 180 da 185 sandar ƙarfe ce zagayayya mai tsukewa a maimakon falle. Sai sarƙoƙi biyu da 'yan sifirin ɗinsu da suka haɗa tayar da faifan wutsiya, wanda matuƙi ke karkatarwa da ƙafafunsa.

Ita rawar, wanda ya taɓa tura gadon maras lafiya a barandar asibiti da sauri ya ga ƙaramarta: taya ɗaya ta kama kaɗawa hagu da dama kamar kan ƙadangare. A jirgi kuwa sai ka ji wutsiya gaba ɗaya ta ɗauki makyarkyata, fedar ƙafa na bugun tafin ƙafarka, ƙara kamar ana kaɗa garwa. Turawa na ce mata "shimi", sunan wata rawar kaɗa kafaɗa da aka yi yayi a Amurka wajen 1920. Mai karatu kada ya yi dariya, ba shimin da ya sani a akwatin amarya nake nufi ba, ko da yake masana kalmomi sun ce tushensu ɗaya.

To, me ke kawo ta? Malam ya ɗauka kamar sako-sako ne kurum, wato abu ya saki yana kaɗawa. Da haka ne, da rawar za ta mutu da kanta bayan an wuce ramin da ya tada ta. Amma ba ta mutuwa, ƙaruwa take yi, saboda daga gudun jirgin take ɗibar ƙarfinta. Roba ba ta bin umarni nan take. In taya ta ɗan karkace, sai ta gangara ɗan taƙi kafin ɓangaren da ke taɓa ƙasa ya murɗe ya fara turo ta ta dawo. Wannan ɗan jinkiri ne ke sa turin ya zo a makare, ya iske tayar ta riga ta kamo hanyar dawowa, sai ya ƙara mata gudu ta zarce tsakiya ta faɗa ɗaya gefen. Can ma haka. Kamar yaro ne a kan lilo, ana tura shi daidai lokacin da ya kamata. Shi ya sa jirgi ɗaya zai sauka lafiya lau kan ciyawa ko jar ƙasa, inda tayar ke samun ɗan santsi ta zubar da ƙarfin, amma da ya taɓa kwalta mai riƙe roba sai rawa ta tashi.

Wannan ba ra'ayina ba ne. Tun 1925 wani injiniyan Faransa mai suna Broulhiet ya yi rubutu kan rawar tayoyin gaban mota. A 1940 Arthur Kantrowitz ya fitar da rahoto kan tayoyin jirgi masu juyawa a ƙarƙashin NACA, hukumar da daga baya ta zama NASA. A 1966 Hans Pacejka ya yi digirinsa na dakta a Delft ta ƙasar Holan a kan wannan rawa kaɗai. Turawan Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu har wata taya ta musamman suka sa wa wutsiyar jirgin yaƙinsu Mosquito, tayar Marstrand, mai kwari a tsakiya da tudu biyu a gefe, don ta taɓa ƙasa a wuri biyu ta ƙi kaɗawa. Malam, da sifana ce maganin, da waɗannan mutane ba su ɓata shekarunsu ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar, kuma ko sau ɗaya Malam bai ambace shi ba: karkatar ƙusar juyi. Ka tsuguna a gefen jirgi ka dubi ƙusar nan. Ko dai a miƙe take tsaye, ko samanta ya jingina baya, ko kuma samanta ya rusuna gaba wajen hancin jirgi. In tana tsaye, ko samanta ya ɗan jingina baya ƙasanta ya yi gaba, kamar yadda wuyan keke ko na babur yake, tayar na zama lafiya. In samanta ya rusuna gaba, to an shirya wa rawa fage. Dalili kuwa a fili yake ga duk wanda ya kama wutsiyar da hannu ya gwada. A wannan yanayi, duk sanda tayar ta karkata gefe sai ta ɗan ɗaga wutsiyar sama, nauyin jirgi kuma ya danno ta ya wurgo ta tsakiya da ƙarfi, ta zarce, ta sake ɗaga wutsiyar ta ɗaya gefen. Nauyin jirgin da kansa ya shiga sahun masu tura lilon.

Me ke rusunar da ƙusar? Gajiyar sifirin. Sabon sifirin yana da lanƙwasa mai kyau. Shekara da shekaru yana shan duka a kowace sauka, yana ɗauke da nauyi dare da rana a rumfar ajiya, sai ya fara miƙewa. Yana miƙewa ƙarshensa na ɗagowa, kan tayar na juyawa tare da shi, saman ƙusa ya yi gaba. Ba rana ɗaya abin ke faruwa ba, shi ya sa mai jirgin da ke ganinsa kullum ba ya lura, kamar yadda uba ba ya ganin girman ɗansa sai baƙo ya zo ya faɗa.

Akwai kuma tarkon da ya fi kama makanikai, ni ma ya taɓa kama ni. Shekarun baya an kawo mana wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya. Matuƙinsa ya ce in shi kaɗai ne ba ya jin komai, amma in ya ɗauki mutum a baya da kaya ya sauka kan kwalta, sai wutsiya ta nemi cirewa. Kafin ya zo wurinmu an ɗaure masa notin nan har sau uku, kowane karo rawar ta lafa na ɗan lokaci ta dawo. Na tsuguna na duba, ƙusa a tsaye cak. Na ce ba daga nan ba ne, har na miƙa hannu ga sifana zan yi na huɗu. Wani dattijo da ya girme ni a aikin ya ce in dakata. Ya sa aka cika tankuna, aka zaunar da mafi ƙiba a cikinmu a kujerar baya, aka jibga buhunan yashi a ma'ajin kaya daidai nauyin da littafin jirgin ya yarda, aka tura jirgin gaba 'yan taku don sifirin ya zauna. Sannan ya ɗaura noti a bakin zare ya saki kusa da ƙusar, yadda magina ke duba miƙewar bango, ya ce, "Yaro, sake dubawa." Saman ƙusa ya rusuna gaba, ko makaho ya shafa zai ji. Da muka kwance sifirin ɗin za mu sa sabo, sai ga tsaga a bututun ƙarfen da yake ɗaure a jiki, ɓoye a ƙarƙashin yadin da aka lulluɓe jirgin da shi. Duk watannin da ake ɗaure noti, ita tana nan tana ƙaruwa.

Tun daga ranar ban ƙara yanke hukunci kan wutsiyar jirgin da ba kaya a cikinsa ba.

In yi wa Malam adalci, notin yana da aikinsa. A cikin kan Scott 3200 akwai faifai da 'yan sifirin da ke danna su, an sa su ne da gangan don su kawo ɗan tauri a juyi, su shanye ƙarfin rawar kafin ta girma. In sun cinye ko sun saki, rawa na iya tashi ko da ƙusa na tsaye daidai, kuma a nan gyaransu ko daidaita notin yadda littafin kamfani ya ce shi ne magani. Ban musa ba. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi maganin kowace rawa, a kuma ce a yi ta ɗaurewa har ta daina. Mai ciwon haƙori in ya sha maganin kashe zafi zai yi barci, amma ramin na nan. Kuma ɗaurin da ya wuce ƙa'ida da nasa sharrin. Irin wannan jirgi cibiyar nauyinsa a bayan manyan tayoyi take, don haka a ƙasa kullum wutsiya na neman ta zagayo ta wuce gaba, kamar amalanken da aka tura ta baya. Abin da ke hana ta shi ne ƙafar matuƙi da tayar da ke amsawa nan da nan. In ka ɗaure ta ta yi tauri, sai ya taka feda ta ƙi juyawa, ya ƙara takawa ta juya gaba ɗaya, ta kuma ƙi dawowa tsakiya. Tana ma iya maƙalewa a karkace tun a sama, jirgi ya taɓa ƙasa da taya tana kallon daji. Daga nan zuwa jirgi ya wulwula a kan titi fiffike ya daki ƙasa, ƙiftawar ido ce. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Maganar jan sarƙoƙi su yi tsam ita ma haka. Kamfanoni ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan, wani yana son ɗan sassauci, wani yana son a ɗan ja, kuma na kowace taya a littafinta yake. Kamfanin Maule har sifirin biyu marasa ƙarfi ɗaya yake sa wa sarƙoƙinsa, ɗaya ya fi ɗaya kauri, don kada gefen hagu da na dama su riƙa amsa wa juna amo ɗaya. Makanikin da bai san haka ba zai ɗauka kuskure ne ya "gyara". Sarƙar da aka ja fiye da kima kuwa, duk bugun da tayar ta yi kai tsaye take kai shi ga ƙahon faifan wutsiya da maƙalansa, waɗanda ba don ɗaukar wannan duka aka yi su ba.

Sai batun matuƙi. Gaskiya ne hannu na da tasiri. Wanda ya sauko da gudu fiye da kima ya maka wutsiya a kwalta, ya kuma janye sandar tuƙi har ciki yana danna ta ƙasa, ya ƙara wa sifirin nauyi a daidai lokacin da tayar ke gudu mafi yawa. Gaskiya ne kuma in rawa ta tashi kuma da sauran gudu, matuƙi kan ɗan sassauta sandar gaba don wutsiya ta yi sauƙi, rawar ta mutu, sannan ya sake sauke ta a hankali in gudu ya ragu. Akwai ma salon sauka kan manyan tayoyi biyu, a riƙe wutsiya a sama sai jirgi ya lafa. Tuƙin waɗannan jirage fanni ne mai zaman kansa, har a Amurka tun 1991 doka ta ce sai malami ya koya maka ya sa hannu kafin ka ja su. Amma duk wannan dabarar tsira ce a lokacin da abin ya faru. Jirgi lafiyayye ya kamata ya karɓi sauka kan tayoyi uku a kwalta, da cikakken kayansa, ba tare da ya girgiza ba. Matuƙin da aka ce masa laifinsa ne zai koyi lallaɓa jirgin, ya daina kai ƙara, kuma ranar da gajeren fili ko iskar gefe ta tilasta masa ya dasa wutsiya a ƙasa da wuri, ranar ce abin zai tashi. Na fi jin tsoron wannan ɓangare na rubutun Malam fiye da na notin, domin yana rufe bakin mutum ɗaya tilo da ke jin ciwon a jikinsa.

Da ni aka kawo wa jirgin, tambaya zan fara yi kafin in taɓa ƙarfe: da kaya ko ba kaya, kan kwalta ko kan ƙasa, a wane gudu, kuma yaushe ta fara? Rawar da ta fara washegarin canza taya ba ɗaya take da wadda ta shigo a hankali cikin shekara biyu ba. Sannan a loda jirgi a dubi ƙusa, ta gefe, ta baya kuma, don wani lokaci a karkace take hagu ko dama saboda sifirin ya murɗe ko an taɓa buga wutsiyar. Bayan nan a ɗaga wutsiya a ɗora kan abin da zai riƙe ta, a kama tayar a girgiza ta kowace fuska. Duk inda aka ji ƙwas-ƙwas a bi shi, ko notocin da suka riƙe sifirin a jikin jirgi ne, ko wanda ya riƙe kan tayar, ko boris, ko bushin. A duba bututun da ke kewaye da wurin da fitila, a nemi tsaga. Iskar taya a auna ta da ma'auni, kada a tsaya ga dannawa da yatsa. A juya tayar a ga ko zagayayya ce ko ta cinye gefe ɗaya, don tayar inci 8 a gudun kilomita 60 a awa tana juyawa fiye da sau 25 a daƙiƙa ɗaya, ɗan nauyin da ya fi yawa a gefe guda ya isa ya tada fitina. Sai an gama da waɗannan ake zuwa ga faifan ciki da notin Malam.

In sifirin ne ya gaji, a sa sabo. Wasu kan mai da lanƙwasarsa da matsi ba tare da wuta ba, wasu kan sa ɗan ƙarfe mai tsini a maƙalarsa don a gyara karkatar, inda kamfani ya yarda da hakan, amma sifirin da ya taɓa miƙewa ba ya daɗewa yake komawa gidan jiya. Abin da ba a yi ko kusa shi ne a kai shi wurin mai walda a gasa a lanƙwasa kamar na tifa. Wuta na kashe taurin ƙarfen, kuma in ya karye a kan titi, tayar da ke rataye a sarƙoƙi faifan wutsiya za ta yi ta duka. Kada kuma a zarce wajen jinginar da ƙusa baya, don in ta yi yawa, dawo da taya tsakiya bayan kwana mai tsanani sai ya yi nauyi. Ko a Amurka, inda doka ta bar mai jirgi ya canza taya ya sa wa boris giris da hannunsa, canza sifirin aikin makaniki mai lasisi ne, kuma a nan ma sai injiniya mai lasisi ya sa hannu a littafin jirgi.

Malam, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma na san da kyakkyawar niyya ka yi rubutunka. Roƙona ɗaya ne. Ka nemi jirgi mai wannan rawa, ka sa a loda shi, ka tsuguna da zarenka a gefen wutsiya ka duba da idonka, sannan ka dawo wannan shafi ka gaya wa masu karatu abin da ka gani. Matuƙa kuma, duk wanda wutsiyarsa ta yi rawa ko sau ɗaya, ya rubuta a littafin jirgi kafin ya bar filin, ko da an ce masa hannunsa ne.